Haƙƙin bisashe a kanmu: tambayoyi da amsoshi ga masu kiwo, mahauta da masu amalanke a Damagaram

A jihar Damagaram da wuya ka shiga gidan da babu bisa ko ɗaya. In babu rago a turke, akwai akuya a bayan ɗaki, ko kaji da zabi, ko jakin da ke ɗauko ruwa. Daga Tanut zuwa Magarya, daga Gure zuwa Matamai, bisashe su ne asusu, su ne sadaki, su ne kuɗin magani ranar da ciwo ya shigo gida. Ana yawan zancen farashinsu, ba a cika zancen yadda ake riƙe su ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi tasowa in aka buɗe wannan magana a majalisa ko a bakin kasuwa.

Tunda ƙarshenta yanka ne, mene ne kuma zancen haƙƙin dabba?

Halaccin yanka daban, halaccin azabtarwa daban. An ba mu izinin cin nama, da shan nono, da hawa, da ɗora kaya, kuma farkon Suratun Nahl ya lissafa waɗannan ni'imomi. Amma Suratul An'am, aya ta 38, ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu irin namu. Rago yana jin ƙishirwa, yana jin tsoro, yana gane muryar mai ba shi dusa. Yanka minti ɗaya ne ko biyu, rayuwar da ta gabace shi kuwa watanni ce ko shekaru, kuma a cikinta ne ake cin amana ko a riƙe ta.

Hadisai biyu da kusan kowa ya ji a makarantar allo ko a wa'azi sun isa hujja. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. In kyanwa da kare, waɗanda ba a cin su ba a sayar da su, suna da wannan matsayi, to ina ga saniyar da ƴaƴanka suka girma da nononta? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba Turawa ne suka kawo mana wannan magana ba?

Turawa sun tsara tasu, gaskiya ne. A Ingila, bayan da kiwon kaji da maruƙa a cikin akurki ya tayar da hankalin jama'a, wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Brambell ya fitar da rahoto a 1965, kuma daga nan aka samo abubuwa biyar da ake auna jin daɗin dabba da su: kada ta zauna da yunwa da ƙishirwa, kada ta rasa wurin hutawa da mafaka, kada a bar ta da ciwo ko rauni, kada a sa ta cikin firgici, kuma a bar ta ta yi halinta na halitta, wato ta yi tafiya, ta yi kiwo, ta cuɗanya da ƴan uwanta. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, wadda aka kafa a birnin Paris a 1924, ta fara fitar da ƙa'idojin jigila da yanka a 2005.

Sai dai duk mai karatun Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan unguwannin Birni da Zango na Zinder tun kaka da kakanni, ya san malaman Malikiyya sun yi magana a kan lalas da dandaƙa sama da shekara 1000 da suka wuce. Makiyaya ma suna da nasu tsarin. Bafulatani yana kiran shanunsa da suna, ya san uwar kowace da kakarta. A al'adar habbanaye, ana ba wanda ya rasa dukiya aron saniya, ya riƙe ƴaƴan da ta haifa, ya maido da uwar, kuma abin kunya ne a ce saniyar aro ta wulaƙanta a hannunka. Abin da ya zo daga waje shi ne rubuta ƙa'idojin a takarda da auna su da lamba.

Kaya nawa ya dace a ɗora wa jaki?

A nan ne laifinmu ya fi yawa, don haka bari a tsaya a kai. Jakinmu na Sahel ƙarami ne, nauyinsa bai cika wuce kilo 150 ba. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar kada kayan da za a ɗora a bayansa su wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsa, wato kilo 40 zuwa 50. Buhun siminti guda kilo 50 ne. Buhun hatsi na kilo 100 ya ninka abin da bayansa ke iya ɗauka, balle a ce mai shi ya hau daga sama.

A amalanke yana iya jan fiye da haka, amma da sharaɗi. Ka duba yadda kayan suke zaune: in nauyin ya rinjaya gaba, sandunan amalanken suna danne masa baya, in ya rinjaya baya, igiyar ciki tana ɗaga shi har ƙafafunsa na gaba su riƙa neman ƙasa. Tayar da ba ta da iska tana ninka wahala, haka ma rairayi da hawa. Sai kuma akumari. Mikin da ake gani a gadon bayan jakuna da ƙirjinsu ba bugu ne ke kawo mafi yawansa ba, gogar igiyar leda ce da waya da tsumman buhu mai kaushi a kan fatar da ta jiƙe da gumi. Ana ɗora akumari a kan ɗanyen miki, ƙuda ya bi, ya zama gyambo. Wasu suna zuba baƙin man mota ko garin batir a kai, wai magani. Wannan ƙona nama yake yi. A wanke da ruwan gishiri mai tsabta, a huta da jakin har mikin ya rufe, in kuwa aikin ba ya ɗaguwa, a yi gammo mai rami a tsakiya yadda komai ba zai taɓa wurin ba.

Jaki yana da wata ɗabi'a da take cutar da shi: ba ya nuna ciwo. Doki in cikinsa ya murɗa zai yi birgima, kowa ya gani. Jaki sai dai ya tsaya shiru, kai a ƙasa, kunnuwa a saɓule, ya ƙi cin abinci. Abin da muke kira taurin kai sau da yawa gajiya ce, ko ƙaya a kofato, ko tsoron abin da ke gabansa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40, jakin da ke aiki yana iya shan lita 20 a yini. Abin takaici, a garin da aka san shi da ƙarancin ruwa, jakin da ke jan jarkoki zuwa unguwanni shi ne sau da yawa ake mantawa a shayar. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani raƙumi da bayansa ya manne da cikinsa don yunwa, sai ya yi umarni a ji tsoron Allah game da waɗannan dabbobi da ba sa magana, a hau su suna da ƙoshin lafiya, a ci su suna da ƙoshin lafiya.

Yaron da ke tuƙa amalanke ne mai laifi, ko mai amalanken?

Dukansu, amma kason mai amalanken ya fi girma. In ka yanka wa yaro kuɗin da zai kawo maka kowace yamma, kuɗin da ba ya samuwa sai an yi sawu goma da rana tsaka, to kai ne ka riƙe sandar, hannunsa kawai ka ara. Haka wanda ya yi hayar amalanke ya nace sai an kwashe bulo ɗinsa a sawu ɗaya don kada ya biya na biyu. Mai jaki ya riƙa ɗaga akumari da hannunsa kowace yamma ya duba, ya ware kuɗin harawa da dusa dabam da na yaro, ya hana aiki tsakanin azahar da la'asar a bazara.

Me ya sa aka hana fitar da jakuna waje?

Saboda fatarsu. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani sinadari mai danƙo da ake sa wa a magungunan gargajiya, kuma buƙatar ta fi ƙarfin jakunan can. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna bayan da adadin da ake fitarwa ya tashi daga kimanin 27,000 a 2015 zuwa kimanin 80,000, farashi kuma ya fi ƙarfin talaka. Burkina Faso ma ta ɗauki irin wannan mataki a shekarar. A Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da hana yanka jakuna don fata a nahiyar baki ɗaya. Jaka tana ɗaukar ciki wata 12 ta haifi ɗa guda, don haka garke ba ya mayar da abin da aka kwashe da sauri. Kuma mai neman fata kawai bai damu jaki ya ci ko ya sha a hanya ba, tunda fatar ramamme da ta mai ƙiba kuɗinsu ɗaya.

Ina kiwon rago a turke don layya. Ɗaure shi wata da watanni zalunci ne?

Kiwon turke sana'a ce mai albarka, kuma mata da yawa a Damagaram da shi suke rufa wa kansu asiri. Ɗaurewar ba ita ce matsalar ba, yadda aka ɗaure ne. Igiyar da ba ta kai rago ya kwanta ya juya ya kai ga inuwa ba, ta yi gajarta. Inuwa kuma tana tafiya: turken da ke ƙarƙashin bango da hantsi, da azahar rana ce tsagwaronta. A duba wuya ko ƙafar da igiya ke ci, a riƙa share kashi da fitsari, a yanke kofato in ya yi tsawo, tunda ba ya tafiyar da za ta goge shi. Tumaki dabbobin garke ne, ragon da aka ware shi kaɗai yakan yi ta kuka ya ƙi ci. Ko ɗan akuya aka ɗaure kusa da shi sai ka ga ya natsu.

Sai abinci, inda son ƙiba ke kai mutane ga ɓarna. Tumbin rago an yi shi ne don ciyawa. In aka tashi rana ɗaya aka cika masa kwano da hatsi ko ragowar tuwo, cikin yakan yi tsami ya kumbura, wani lokaci kafin safiya ya mutu. Duk sabon abinci a shigo da shi kaɗan-kaɗan cikin kamar mako biyu, kuma kada harawa ko ciyawa ta yanke. Dusa zalla da ƙarancin ruwa kuma suna sa tsakuwa a mafitsarar rago: za ka gan shi yana miƙa, yana nishi, fitsari yana ɗiga ko ya tsaya cak. Wannan ba abin jira ba ne, a nemo likita a ranar. Ƴaƴan gawo, waɗanda Allah ya hore wa ƙasar Mirya da Magarya da Matamai, abinci ne mai kyau a lokacin rani, haka harawar wake da ta gyaɗa, da ɗan gishiri ko kanwa a gefe ya lasa da kansa.

Abin da ba shi da uzuri shi ne ɗura wa rago ruwan kanwa da dusa ana gobe kasuwa don ciki ya cika, ko ba shi ƙwayoyin sa ƙiba da ke tara ruwa a jiki. An cuci ragon, an cuci mai saye. Kuma shari'a da kanta ta ɗaure layya da lafiyar dabba: hadisin Bara'u ɗan Azib ya cire mai ido ɗaya, da marar lafiya, da gurguwa, da ramammiyar da ba ta da ɓargo.

Awakina suna yawo cikin gari su nemi abincinsu. Akwai laifi?

Akuyar da ke kiwo a juji leda take ci, musamman wadda aka ƙulla abinci mai mai ko gishiri a ciki. Leda ba ta narkewa, tana dunƙulewa a tumbi. Tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga cikin awakin gari da shanun gari: dunƙulen leda da igiya da tsumma, a nannaɗe, baƙi ƙirin. Dabbar takan yi ta ramewa ciki yana girma, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa. Nijar ta yi dokar hana shigowa da sayar da irin wannan leda a Nuwamban 2014, amma kowa yana ganin abin da iska ke maƙalawa a ƙaya. Kafin leda ta ƙare, a ba akuya abin da za ta ci a gida kafin a sake ta, a kuma ajiye mata gishiri, don ƙarancinsa yana cikin abin da ke sa ta lasar duk abin da ta samu.

Lalas da dandaƙa fa?

Risala ta ce babu laifi a dandaƙe tumaki da awaki don naman ya gyaru, an hana dandaƙe dawaki, an karhanta lalas a fuska, babu laifi a wani wuri. Muslim kuma ya ruwaito cewa Annabi ya ga jakin da aka yi wa lalas a fuska ya la'anci wanda ya yi. To shaidar mallaka ta halatta, musamman ga makiyayan da garkunansu ke haɗuwa a rijiya. A yi ta ƙarama, sau ɗaya, ba a fuska ba. Zane-zanen wuta a haƙarƙari da ciki, wai maganin ciwo, ba ya warkar da ciwon huhu ko na hanta, kuma majema da dukawan Zinder za su gaya maka fatar da aka ƙona a tsakiya ta faɗi a kasuwa. Dandaƙa kuwa a yi ta dabbar tana ƙarama, a sanyin safiya, a hannun ma'aikacin kiwo mai almakashin matse jijiya wanda ba ya fasa fata. Bugun maraina da guduma a kan itace azaba ce da yanzu akwai abin da ya maye gurbinta.

Me ke faruwa tsakanin kasuwa da mota?

Bisar da aka saya a kasuwar Bakin Birji ko Gidigir ko Kundumawa tana iya bi ta hannu huɗu ko biyar kafin ta ga wuƙa. Wasu a kora su da ƙafa zuwa Maigatari, wasu a loda su zuwa Kano mai nisan kamar kilomita 240 daga Zinder, daga can kuma har Legas, tafiyar da ta haura kilomita 1000. A wannan tsakani dabba ba ta da uban gida na gaskiya: makiyayin da ya san ta ya karɓi kuɗinsa, dillali ya karɓi la'adarsa, direba sawu yake ƙirgawa. A nan ake murɗe wutsiyar sa har ta karye don ya hau mota, a ɗaga tunkiya da kunne ko da gashi, a jefo akuya daga saman tirela, a ɗaure ƙahon shanu a jikin ƙarfe wuya a lanƙwashe kwana biyu.

Ƙa'idar hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta ce dabbar da ba ta iya tsayuwa da kanta, da mai tsohon ciki, da jaririn da cibiyarsa ba ta warke ba, ba sa shiga mota. Sauran abin hankali ne: tudun lodi maimakon ɗagawa da jifa, yashi ko kara a ƙasan mota don santsi, raba manya da ƙanana, tafiya da dare a bazara, shayarwa kafin a tashi. Fatake su sani dabbar da ta galabaita namanta yakan yi duhu ya yi saurin lalacewa, kuma duk inda sanda ta sauka akwai tararren jini da mahauci zai yanke ya yar. Kajin da ake rataya a kabu-kabu kai a ƙasa, fuka-fukai suna shafar taya da salansa, su ma suna cikin wannan lissafi. Kwando bai fi ƙarfin mai sayar da kaji ba.

Yaya yanka mai kyau yake?

Hadisin Shaddadu ɗan Aus da Muslim ya ruwaito, wanda yake na 17 a Arba'una Hadisi, shi ne tushe: Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a yanka a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. A wasa wuƙar tun kafin a kawo dabbar. An ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi ya ga mutum ya take wuyan akuya yana wasa wuƙa tana kallonsa, ya tsawata masa a kan yana so ya kashe ta fiye da sau ɗaya. A jawo ta a hankali, ba a ja ta da ƙafa ɗaya ba. A shayar da ita. Kada a yanka wata a gaban wata, abin da ranar layya ake yawan sakaci da shi in raguna uku suna ɗaure a tsakar gida ɗaya. Zana ko tabarma da aka tsayar ta isa shamaki.

A mazhabar Malikiyya ana yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, daga gaba, ba tare da an ɗage hannu ba sai an gama. Raƙumi soke shi ake yi a gindin wuya. Bayan yanka a dakata har motsi ya tsaya. Fara fiɗa, ko karya wuya, ko yanke ƙafa rai bai gama fita ba, malamai sun karhanta shi, kuma gaggawa ce kawai ke kawo shi. Yanke agarar sa don a kayar da shi kafin yanka kuwa ba shi da mazauni: igiya da mutum uku da suka iya aiki suna kayar da kowane bijimi.

Akwai kuma abin da ma'aikatan mayanka suka sani sarai: ƴan tayin da ake samu a cikin matan da aka yanka. Tunkiya da akuya wata 5 suke ɗauka, saniya 9, raƙuma kusan 13. Naman ya halatta, amma asara ce ga garken ƙasa, kuma sau da yawa mai sayarwa ya sani ya yi shiru. Sarkin fawa da likitan mayanka suna da ikon a duba mace kafin a kwantar da ita.

A Turai ana sumar da dabba kafin yanka. Ya halatta?

Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta duba batun a Jidda a 1997. Ta ce asali shi ne yanka ba tare da sumarwa ba, amma naman dabbar da aka sumar ya halatta in an tabbatar tana da rai lokacin da wuƙa ta hau. Ƙasar Niyu Zilan, mai sayar wa ƙasashen Musulmi naman tumaki, tana amfani da lantarki a kai wanda dabba ke farfaɗowa daga gare shi in ba a yanka ta ba. Wasu malamai ba su gamsu ba. A wurinmu wannan muhawara ba ita ce ta gaba ba, dakusasshiyar wuƙa ta fi ta gaggawa.

Ina so in fara kiwon kajin gidan gona. Keji ya dace?

Kejin da aka yi ta rigima a kansa a Turai yana ba kowace kaza fili santimita murabba'i 550, bai kai faɗin takardar ofis guda ba. Ba ta buɗe fiffike, ba ta tono, ba ta wankan ƙasa, ba ta hawa bisa ta kwana. Tarayyar Turai ta hana irinsa daga 2012. Ba dole mu fara daga inda wasu suka tuba ba. Ɗaki mai dogon rufi, gefuna a buɗe da raga, ƙasa a shimfiɗe da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, sanduna na hawa da akwatunan ƙwai, ya fi dacewa da zafinmu. Kaza ba ta gumi, da haki take fitar da zafi, don haka cunkoso a ƙarƙashin kwano a watan Mayu yana iya kashe ɗaruruwa a yini guda. Kajin nama da ke isa yanka cikin mako shida sukan yi nauyin da ƙafafunsu ba sa ɗauka. Wadda ta durƙushe ba ta kai ga ruwa a ware ta ko a yanka ta, kada a bar ta ƴan uwa su tattake.

In fari ya zo, in riƙe dabbobina ko in sayar?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma wanda bai taɓa mallakar garke ba ya yi hattara da saurin hukunci. Ga Bafulatani ko Buzu ko Batube, sayar da uwar garke kamar sayar da gonar gado ne. Amma 1973 da 1984 da 2010 sun nuna abu ɗaya: wanda ya jira har shanu suka kasa tashi, ya rasa shanun ya rasa kuɗin. A 2010 sai da hukuma da ƙungiyoyin agaji suka riƙa sayen ramammun bisashe ana yankawa ana busar da naman a raba. Tun kaka ake gane shekara. In ciyawa ba ta yi ba, a rage tsofaffi da maza tun suna da nama, a sayi dusa da harawa da kuɗin don matan da za su tayar da garke. Wadda ta faɗi ba ta tashi kuma babu abin ba ta, yanka ta ya fi a bar ta angulu su fara ta da rai.

Manoma ma suna da hannu a nan. Dokar makiyaya ta 2010 ta amince cewa zirga-zirga haƙƙin makiyayi ne. Wanda ya cinye burtali da garma, ko ya kewaye mashaya da lambu, ƙishirwar shanun da suka yi zagayen yini guda tana da rabo a wuyansa.

Zan iya yi wa dabbata allura da kaina?

Abin da ya fi shi ne rigakafi, kuma ma'aikatar kiwo tana fita yi wa garkuna kowace shekara. Rigakafi ne ya kawar da annobar shanu da ake kira bushiya, wadda aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011, yanzu kuma ana son kawar da annobar awaki da tumaki kafin 2030. Maganin da ya kwana a rana a tiren ɗan kasuwa, ba a san nauyin dabba ba, ba a san ciwon ba, caca ce. Kowace kwalbar kirki tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci nama ko a sha nono; wanda ya yi allura yau ya kai kasuwa gobe, ya ɗura wa mutane maganin. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko dubura, kada a yi gaggawar sa mata wuƙa, kada a feɗe ta. Yana iya zama ciwon saifa, wanda ke kama mutum. A kira ma'aikacin kiwo.

Tatsa fa, akwai iyaka?

Akwai. Ɗan maraƙi yana da haƙƙi a nonon uwarsa, musamman dakashin kwanakin farko, wanda shi ne garkuwar jikinsa. Barin nono ya taru a hantsa kwana biyu don mai saye ya zaci saniya mai nono ce, hadisin Buhari da Muslim ya hana shi.

Na ga ana zaluntar dabba a hanya. Me zan yi?

Nijar tana da dokar kiwo ta 2004 da ta ƙunshi kare dabbobi, amma a aikace wanda zai yi tasiri shi ne na kusa: sarkin fawa a mayanka, shugaban dillalai a kasuwa, mai unguwa, limami, ma'aikacin kiwo. Kai kuma yadda ka buɗe baki shi ne rabin aikin. Mutumin da amalankensa ya kafe a rairayi, rana tana dukansa, mai kaya yana jiransa, in ka fara da "kai mugu ne" jakin ne zai biya kuɗin maganarka bayan ka wuce. Sa kafaɗa ka tura amalanken tukuna. In dattijo ne ka ce, "Baba, sannu da ƙoƙari, ko mu sauke buhu biyu ya samu ya haye?" In yaro ne, "Ƙanena, ajiye sandar, zo ka kama nan mu tura." In ya haye, sai ka nuna masa mikin da ke ƙarƙashin akumari ka tambaye shi wane ne mai jakin, don maganar ta gaskiya da shi za a yi ta.